Kyashin Zagi a Birnin Ƙonni

Tun da na dawo daga Birnin Ƙonni ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a majalisarmu ta bakin kasuwa tambaya, har mai gyara mini babur sai da ya ajiye sifana ya ce, "Malam, wai da gaske na, can ko akuya da Faransanci ake korar ta?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, ga shi kowa ɓangaren abinci yake son ji. To ga shi nan gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa idan ana shan shayi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Garba, malamin tarihi ne ni a wata sakandare a nan Talata Mafara, kuma na daɗe a kan aikin har furfura ta same ni da alli a hannu. Shekaru ke nan ina da buri guda. Ina so in tara ɗalibaina, waɗanda yawancinsu 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa ne, da 'ya'yan makiyaya da ke karatu ta wajen Maradun, su zauna wuni guda kowa ya ba da labarin kakanninsa. Tun da daji ya lalace yaran nan ba sa haɗuwa. A ajina, idan darasi ya kai inda za a ambaci Fulani, sai ka ji ajin ya yi tsit, wani yana kallon ƙasa, wani yana cije baki. Iyayen 'ya'yan makiyaya kuwa ba za su bar yaransu su hau mota zuwa Mafara ba sai da mutum ɗaya, Malam Sambo.

Sambo mutumin Damaga ne, Bafillace, yana koyar da tarihi a Maradun. Ɗalibina ne. Ni na koya masa, ni na sa shi tsallen kwaɗo ranar da ya manta sunan babban birnin Zamfara na dā. Na bi shi, na roƙe shi, na aika masa mutane, har a ƙarshe ya yarda cewa bayan an dawo daga hutu zai kawo yaransa makarantarmu. Kuma bari in faɗa tun yanzu, ina son zaman nan don yaran, amma ina son a yi shi a makarantata, a ce Malam Garba ne ya haɗa.

Tafiyar Ƙonni kuwa ta hannun Malama Hauwa ta zo. Ita ma tarihi take koyarwa a Bakura, mace ce da ba ta ajiye magana a ciki. Ta haɗu da wani malami ɗan Nijar a wani taro a Sakkwato, ya ba ta labarin yadda yake koyar da tarihi don yara su iya zama da juna, ya ce ta zo da abokan aikinta su gani. Tana da gwaggo da ke aure a Ƙonni, don haka masaukinta a shirye. Ta kira ni, ta kira Sambo. Da ta ce mini har da Sambo, na ce madalla, zai riƙe mana jaka.

Sambo ya iso Mafara da hantsi, muka sami mota mai zuwa Sakkwato. Na sha babbar rigata mai aiki, fara fat, don in shiga ƙasar mutane da kwarjini. Shi kuwa ya zo da 'yar shara da wando da takalmin roba sabo. Muka tsaya Lambar Bakura muka ɗauki Malama Hauwa, da buhun shinkafa na gwaggonta da kuma galan na manja da ta rantse ta ɗaure bakinsa da leda. Direba ya cusa galan ɗin a ƙarƙashin kujerata. Kafin mu kai Tureta gefen rigata ya zama ja. Na nuna mata, ta duba ta ce, "Malam Garba, ai ado ta ƙara. Wa ya ce ka sa hwara ga hanya?"

Hanyar kun san ta. Kowa ya yi shiru da carbi a hannu har sai an wuce wuraren da ake jin tsoro, sannan a soma hira kamar ba a taɓa jin tsoro ba. A wani shingen jami'an tsaro aka leƙo motar, aka dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, aka tsaya a kan Sambo. Shi kaɗai aka ce ya sauko. Ya sauka da katin aikinsa a hannu, da gani ya saba. Na buɗe murya na ce, "Ɗalibina ne, malamin makaranta ne, ni na koyar da shi." Aka dubi rigata da furfurata aka sake shi. Ya dawo ya zauna ya ce, "Na gode, Malam." Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na manta da manjan.

A Sakkwato muka canza mota, muka bi ta Gwadabawa zuwa Illela. A bakin iyaka na shirya doguwar muhawara, sai na tarar da wani jandarma siriri wanda ya fara ƙame mini kafin ya karɓi katina. Ya yi mini magana da Faransanci, na amsa masa da Turanci, muka tsaya muna kallon juna. Malama Hauwa ta ce, "Ku biyu dut Hausawa na, ku bar wahal da kanku." Jandarman ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ina gajiya? Ina mutanen gida?" Daga nan har ya tambaye ni ko an yi ruwa sosai a wajenmu bana. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tun daga wannan shingen har na baro ƙasar Alhaji nake, babbar riga ta jawo mini.

Mai masaukinmu, malamin nan da ya gayyaci Malama Hauwa, yana jiranmu a tasha. Sunansa Isufu, amma kowa Mushe Isufu yake ce masa, don can Mushe ake kiran malamin boko, makarantar kuma lakwal. Gajere ne mai ƙiba, da tsage a kumatu. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya rusuna, ya jera mini gaisuwa har ta iyali da dabbobi. Ya gaida Malama Hauwa. Sannan ya juya ya ga Sambo, ya tsaya, ya ja da baya yana ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi.

"Kai!" ya ce da ƙarfi, har masu kabu-kabu suka waiwayo. "Wa ya kwanto min bawana? Bahillace, shanun wa ka kora ka saida ka sai wanga takalmi?"

A Mafara ko Maradun, wannan magana a tsakiyar tasha tana iya sa a kwana ana jinya. Na matsa zan shiga tsakani. Sai na ga Sambo ya dubi tsagen mutumin, fuskarsa ta buɗe, ya fashe da dariya har yana dafa cinya.

"Ashe Ba'are na!" in ji shi. "Wa ya ba ka alli, kai da kakanka ya ba da gonatai dan ƙwaryar nono guda? Amshi jakar ubangidanka!"

Ya miƙa masa jaka, Mushe Isufu ya karɓa ya ɗora a kai, suka yi gaba suna zagin juna, hannun wannan a kafaɗar wancan. Na san da wasan Fulani da Arawa, na sha koyar da shi a matsayin abin da ake yi a dā. Ban taɓa ganin an yi shi da baƙon da ba a taɓa gani ba. Ni da Malama Hauwa muka bi su a baya, ni ɗauke da jakata.

An sauke mu a gidan Mushe Isufu, ni da Sambo. Ni aka ba ɗakin baƙi mai katifa da fanka da labule. Sambo aka ce masa bawa ba shi da ɗaki, aka jefa masa tabarma a rumfar tsakar gida, inda maigidan da ƙannensa da maƙwabta suke zama. Daga cikin ɗakina mai fanka ina jiyo su suna ta ƙyaƙyata dariya. Idan na fito sai kowa ya miƙe, a kawo kujera, a rage murya, a tambaye ni ko ina bukatar wani abu. Idan na koma ciki sai dariyar ta dawo.

Abinci kam sun iya. Da safe burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a baya, a tsaga shi a zuba latas da mai da albasa. Albasarsu ba a magana, ko a shayi ka ce za su sa. Da rana dambu da zogale, wanda suke kira kwabto, da yamma tuwon gero irin namu sak. Shayi kuma sai an yi zagaye uku a 'yan ƙananan kofuna, idan ka sha na farko ka tashi ka yi rashin kunya. Bayan azahar gari yakan mutu, kanti a rufe, ofis a rufe, kowa ya kwanta, abin da a Mafara za a ce lalaci ne. Ni ana kawo mini nawa a faranti da cokali da ruwan sanyi. Sambo da Mushe Isufu kwano ɗaya, suna faɗa a kan tsoka. Matar gidan ma, da ta ji Bafillace ne, ta aiko masa da ƙwarya wai ya je ya tatso mata nono tun da ba shi da wani amfani. Ni kuwa ta aiko a tambaye ni ko yaji bai yi mini yawa ba.

A nan na fara gane abin da ke damuna. Kyashi nake. Mutum da girmansa, da furfurarsa, yana zaune a kan katifa yana kyashin wanda ake zagi a kan tabarma.

Washegari muka tafi lakwal. Darussan safe da Faransanci ake yi, ban tsinci komai ba sai sunayen garuruwa. Abin da muka zo gani da la'asar ake yi, a wata rumfar kara a bayan azuzuwa, kuma da Hausa. Yara maza da mata sun cika ta, har da waɗanda ba 'yan ajin ba suna leƙe. Mushe Isufu bai buɗe littafi ba. Ya ce kowa ya tashi ya faɗi ko shi wane ne, da su wa yake wasa, da kuma abin da tsofaffin gidansu suka ce shi ne asalin wasan. Wata yarinya Bagobira ta tashi ta nuna wani yaro Bazabarme ta ce kakarta ta ce kakanninsa a hannunsu suka koyi cin abinci da hannun dama. Yaron ya ce ƙarya ne, kakansa ya ce Gobirawa ne suka zo neman mafaka aka ba su. Rumfa ta kaure. Da aka lafa, Mushe Isufu ya ce to, labari biyu ga su, wa ya faɗi na farko, wa ya faɗi na biyu, me ya sa kowace tsohuwa ta ba gidansu nasara? Yara suka shiga warware maganar da kansu, har suka kai ga cewa akwai yaƙi a dā, kuma wasan ne ya zo bayan yaƙin don kada a koma.

Sannan ya tambaye su abin da ke wuyan abokin wasa. Suka amsa baki ɗaya, da gani sun sha faɗa: ba ya fushi da kai, ba ya ganin kana faɗa ya wuce, ba ya cin amanarka. Ya ce mana kafin damina 'yan rumfar nan sukan bi mai gari da wakilan makiyaya su zagaya burtali, su shafa fenti a duwatsun iyaka, yaron manomi da yaron makiyayi bokiti ɗaya. Idan an zo sasanta ɓarnar gona ana barinsu su zauna a gefe su saurara, washegari su zo su faɗi wanda suke ganin an zalunta.

Ina zaune ina jin wani abu yana cin raina. Rumfar kara ce fa, ko allo mai kyau babu. Makarantata ta fi ta komai. Amma ni na yi shekaru ina tsallake shafi don kada yara su yi faɗa, shi kuwa yana tsokano faɗan da gangan yana wasa da shi. Malama Hauwa ta sunkuyo ta ce, "Ka ga aiki ko?" Na ce, "Ai su ba su ga abin da muka gani ba." Ta ce, "Su ma suna da nasu, tambayi ka ji." Na yi kamar ban ji ta ba.

Aka ba ni fili a matsayin babban baƙo. Na tashi na gyara riga, gefen manjan na juya shi baya, na yi musu bayani a kan daulolin ƙasar Hausa da yadda kasuwanci ya haɗa su, da shekaru da sunayen sarakuna a jere ba tuntuɓe. Na san na yi kyau. Yara suka saurara hannu a ƙirji, da na gama aka ba su umarni suka yi mini irin tafinsu mai kiɗa, sau uku a tare. Ba wanda ya yi tambaya.

Sai aka ce bawan Mushe ya zo ya faɗi wani abu in yana da shi. Tun kafin ya kai gaba wani yaro Ba'are ya ce a duba aljihunsa ko akwai ɗan maraƙi. Sambo ya ce akwai, amma ya fi yaron wayo. Ya zauna a ƙasa cikinsu ya ba su labarin kakansa, wanda duk rani yakan sauka da shanunsa a gonar wani manomi a Tsibiri. Shanu su ci kara, gona ta sami taki, matan gida biyu su yi musayar nono da gero. Ya ce shekarar da kakan bai zo ba, manomin ya ɗaura wa jaki akumari ya bi sawunsa har ruga don ya ji ko lafiya, ya tarar da shi kwance da ciwo, ya zauna ya yi jinyarsa. Yana faɗa da Hausa yana juyawa da Fulatanci don wasu yara biyu da ke gefe. Wata yarinya ta tambaye shi, "To yanzu jikokinsu suna gaisawa?" Sambo ya ce, "Ban san inda jikokin manomin suke ba. Garin ya watse an dawo, an sake watsewa." Daga nan tambayoyi suka ɓarke har aka kira magariba.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Wannan labarin ni na sa shi ya nemo shi. Yana aji uku na ba su aikin gida, kowa ya tambayo kakansa, ya kawo mini shi a rubuce na ba shi maki mai kyau. Ina tsaye a bakin rumfa yara sun kewaye shi suna ja masa riga, ni kuma wani malami yana tambayata cikin ladabi ko Alhaji zai so a kai shi gida a kan babur.

A hanyar komawa Sambo ya ce mini, "Malam, wallahi na manta rabon da wani ya tsokane ni don ni Bahillace na. Gida in na shiga wuri, ko a yi shiru, ko a yi ta girmama ni awa baƙo. Yau na ji ni mutum na." Na ce masa haka ne. A raina kuwa cewa nake, to ni fa?

Ana gobe za mu taho Mushe Isufu ya yanka akuya ya tara malamai da maƙwabta a rumfar gidansa da rana. Malama Hauwa ta zo da gwaggonta. Wannan karon na ƙi kujera, na ce a tabarma zan zauna. Aka yi ta ba ni haƙuri, na nace. Hira ta yi daɗi, ana ta yi wa Sambo ruwan zagi yana ramawa. Mushe Isufu ya ce bayan tafiyar Sambo sai ya ƙirga kwanukan gidan. Kowa ya yi dariya, har da ni. Na ga ƙofa a buɗe, na ce bari ni ma in shiga a yi da ni. Na ɗaga murya na ce:

"Kwanuka kaɗai? Ku ƙirga har awakinku. Mu da muka taho da shi mun san halin mutanen daji."

Na yi dariya ni kaɗai. Wani da ya kai loma baki ya tsaya da ita. Malama Hauwa ta ajiye kofinta ta dube ni, irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya yi abin kunya a gaban baƙi. Sambo bai ɗago ba, ya ci gaba da juya ƙashi a cikin kwano.

Mushe Isufu ne ya yi magana, a hankali, yana murmushin da bai kai ido ba. "Alhaji, wanga nawa na. Ni Ba'are, na gada. Kai ba ka da wasa da shi." Sannan ya juya ya ce a kawo shayi, aka kama wata hira. An yi ƙoƙari, amma rumfar ba ta koma yadda take ba har muka tashi.

Na so in ce ai kusan maganar da Mushe Isufu ya faɗa ce na faɗa. Ni malamin tarihi ne, na san wasa yana da masu shi, Bazamfare irina da Badakkare yake yi, ba da wanda ya ga dama ba. Na kuma san abin da ake nufi da mutanen daji a garinmu, da bakin da ake faɗarsa.

Dawowa ba ta da labari. Jandarman nan siriri yana nan, ya ce Alhaji a sauka lafiya. Malama Hauwa ta sayi albasa buhu guda a Illela, ba ta ce mini uffan ba har Sakkwato, a nan ma cewa ta yi in matsa. A shingen da aka sauke Sambo da zuwa aka sake sauke shi. Na yunƙura zan yi magana, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Bari, Malam, ina da kati." Ya daɗe a waje kafin su sake shi.

Da muka sauka a tashar Mafara na ja shi gefe, bayan masu sayar da rake. Na ce, "Sambo, wasa nake. Ka san ni."

Ya rusuna kamar yadda ya saba tun yana ɗalibi. "Na sani, Malam. Ba komi."

"To me ya sa ka yi shiru tun jiya?"

Ya dubi motar Maradun da ake lodi. Sannan ya ce, "Mushe Isuhu da ya ce na saci shanu, kowa wurin ya san bai yarda da hakanan ba, shi ya sa ya hwaɗi. Kai da ka hwaɗi, Malam, sai na tsaya ina tunani. Ban taɓa tunani ba a kanka sai jiya."

Na ce, "Maganar zuwan yara fa?"

Ya ce, "Iyayensu amana sunka ba ni. In wani yaro ya hwaɗa musu irin wagga magana cikin makarantarku, wa za ya tsawata mashi?" Ya ɗauki jakarsa ya ce a gaida gida.

Da aka dawo daga hutu Malama Hauwa ta kira ni a waya. Ta ce ita da Sambo sun shirya za a yi zaman a makarantarta a Bakura, iyaye sun yarda, kuma ana gayyatata in zo da ɗalibaina. Na ce ai shawarata ce tun farko. Ta ce, "Shawararka ta, kowa ya sani. Za ka zo ko ba ka zuwa?"

Na je. Na cika mota da yarana muka tafi. An yi zaman a gindin itatuwa, Sambo ya buɗe, Malama Hauwa ta raba su gungu-gungu. Da farko kowane ɓangare ya takure wuri guda. Can sai wata ɗalibata, 'yar Morai, ta ce kakarta ta iya dama fura da Fulatanci a bakinta don a ruga aka yi renonta shekarar yunwa, wani yaro daga Damaga ya tambaye ta sunan rugar. Kafin azahar na ga yarana suna cin abinci kwano ɗaya da yaran Sambo, ana musu a kan wa ya fara zama a bakin gulbi. Sun rabu da alkawarin za su je tare su roƙi a gyara wata rijiya da ɓangarorin biyu ke sha. Shugaban makarantar ya tashi ya yi ta yabon Malam Sambo da Malama Hauwa, ya kuma gode wa manyan baƙi da suka taho daga Mafara.

Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi, don abin da nake so yaran su samu sun samu. Kuma na ji kyashi, ban ga amfanin ɓoyewa ba. Sambo ya zo ya gaishe ni a gaban ɗalibansa, ya ce musu, "Wanga shi ya koya min tarihi." Suka rusuna suka gaishe ni da kyau, suka koma wurinsa da gudu.

Tun kafin tafiyar Ƙonni na riga na aro manyan tabarmi daga wurin wani maƙwabcina mai hayar kayan biki, na sa yara suka share ɗakin taronmu suka goge tagogi. Tabarmin suna nan a naɗe a bayan ƙofar ofishina har shekaranjiya, da mutumin ya zo karɓar kayansa. Yana ɗora su a kan amalanke ya ce, "Malam, yaya taron naku? An yi lahiya?"

Na ce masa an yi lafiya. Na kama masa ɗaya gefen muka ɗora ta ƙarshe.